Ranar da na kusa neman bolt dubu goma

Garwa, daren Talata.

Zafin Afrilu ya hana barci, gara in rubuta abin da ya faru yau kafin ya gushe mini.

Kawu yana gyaran amfili da lasifikokin masallatai, kuma in ya gama gyara sai ya kai makirufo baki ya yi ta "alo, alo" har maƙwabtan shago su gaji. Makon jiya na cika baki cewa zan haɗa masa ɗan abin da zai riƙa fitar da sauti guda tsayayye don gwaji. Ya ce, "To, ɗan boko, mu gani a ƙasa."

Yau da safe ya juye mini gwangwanin madara cike da tsofaffin aisi, ƙananan baƙaƙen na'urorin nan masu ƙafafu da ake liƙawa a allon rediyo. Cikin ƙura na tsinto DAC0808, mai ƙafa 16. Aikinta ɗaya ne: ka ba ta lamba mai bit 8 (wayoyi takwas, kowace a kunne ko a kashe), daga 0 zuwa 255, ta mayar maka da ita kuran, watau yawan wutar da ke bin waya. Arduino, ɗan allon kwamfuta da zai riƙa aika mata lambobin, dama ina da shi. Abin da ya rage shi ne in san kuran nawa za ta fitar, domin da shi zan zaɓi sauran kaya.

Na sauke takardar bayaninta a waya. Asalin aisin na National Semiconductor ne, kamfanin da Texas Instruments ta saye a 2011, shi ya sa sunan sabon mai ita ke bisa takardar. Da Ingilishi take, ni kuwa da Faransanci na yi lakol. Na bi teburin lambobin takardar da yatsa har na ga miliamfa 1.99 (1.99 mA), na ce shi ke nan, na samu. Sai idona ya kai kan zanen misali, na ga an rubuta 10.000V da 5.000k.

Gabana ya faɗi. A ajinmu ɗigo na raba dubbai ne, waƙafi kuma na ɓangaren lamba. Na ce, "Kawu, wannan abin fa bolt dubu goma yake so."

Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya yi dariya har da tari. "To sai mu tafi Lagdo mu jawo waya daga madatsa." Shi a Yola ya koyi aiki, ya saba da rubutun can. Bolt goma ne kacal, da rezistans, ɗan abin da ke rage gudun kuran, na kilo'om biyar. Sifilan nan uku da suka ruɗa ni suna nuna cewa goma cif ake nufi, ba goma da ɗoriya ba.

Kunyar nan ce ta sa na zauna na karanta a tsanake, kuma a nan na gane 1.99 ɗin da na yi murna da shi ba halin aisin ba ne. Sakamako ne na sharaɗin da aka rubuta a saman tebur da ƙananan haruffa. Kai ne kake yanka mata kuran da za ta yi aiki da shi: bolt ɗin da ka kai ƙafa ta 14, ka raba da rezistans ɗin da ke kan hanyar. Goma a raba da dubu biyar, miliamfa 2. Ita aisin rabo kawai take yi. Bit mafi girma yana ba da rabin wannan kuran, na biye da shi rubu'i, na uku sumuni, haka har na takwas mai kashi ɗaya cikin 256. A taƙaice ka ninka kuran da lambarka, ka raba da 256. Ko ka kunna duka takwas, 255 cikin 256 za ka samu, watau 1.992. Ba ta taɓa cika biyu, kullum da saura taki ɗaya. Wannan ya burge ni fiye da yadda zan iya faɗi wa Kawu ba tare da ya sake dariya ba.

Ni ba ni da bolt goma, biyar ɗin Arduino nake da ita. Rezistans na 2.5k da zai ba ni miliamfa biyu babu shi a gwangwani, sai 4.7k, mai zoben rawaya, shuni, ja da zinariya. Na yi lissafi a bayan kwalin shayi: 1.064 mA, ƙololuwa 1.060, kowane taki kusan mikro'amfa 4. Ƙafa ta 3 kuma tana son wuta ta ƙasa da sifili, sai na juya batirin bolt tara na ba ta.

Ina cikin liƙa wayoyi aka ɗauke wuta. Kawu ko ɗaga kai bai yi ba, ya tura tsohon ƙarfensa na dalma cikin garwashin mai shayi. Da shi na ƙarasa, bayan azahar.

Na ɗora mita tsakanin ƙafa ta 4 da ƙasa, na aika lamba 1. Ina jiran ganin mikro'amfa huɗu, sai ga 0.52 mA, har da alamar debewa a gabanta. Na aika 128, mita ta koma kusan sifili. Na zargi aisin da tsufa, na zargi batiri, na ce ƙila zafin dalma ya ƙona ta. Kusan awa guda ina wannan.

Alamar debewa ce ta fara warwaruwa. Ƙafa ta 4 ba tura kuran take ba, shanye shi take, don haka ta mita yake bi ya shiga cikinta. Kalmar "fitarwa" ce ta yaudare ni. Ɗayan laifin kuma nawa ne tsantsa: a ƙafafun shigar da lamba, A1 zuwa A8, na ɗauka A1 shi ne ƙaramin bit tunda lambarsa ƙarama ce. A takardar, A1 a ƙafa ta 5 shi ne babba, A8 a ƙafa ta 12 shi ne auta. Na jera wayoyi takwas a juye, kamar mai karanta ajami daga hagu.

Da na sake jera su na aika 255, mita ta tsaya a 1.04, ba 1.06 ba. Wannan karon ban zargi kowa ba, na auna bolt biyar ɗin na tarar 4.92 ce. Da na sa ta cikin lissafi, 1.043 ya fito.

Kawu ya leƙo ya dubi mita, ya dubi kwalin shayi. "To ina sautin?"

Na ce sai na mayar da kuran ya zama bolt tukuna, takardar ta nuna wata aisi mai suna LF351 da rezistans a kansa, kuma babu shi a gwangwani. Ya zaro jika guda daga aljihu ya miƙo mini, ya ce in leƙa babbar kasuwa da sassafe kafin rana ta yi zafi, in kuma dawo masa da canji.