Girgizar tirela da jinin direba

Yayana direban tirela ne, daga Ngaundere yake ɗauko kaya zuwa Kusseri, a arewacin Kamaru. Duk wanda ya bi hanyar Mora zuwa Dabanga ya san yadda mota ke jijjiga mutum tun daga kujera har wuya. Direbobi ciwon baya suke kuka da shi, ni kuwa zancen jini ne ya fi damuna.

Idan jiki na girgiza, tsoka kan ɗaure da kanta don ta riƙe mutum, sai bugun zuciya ya ɗan ƙaru, numfashi ma haka. Na 'yan mintuna ba laifi, har jini kan ƙara gudu a ƙafafu. Yini guda a zaune kuwa, jini kan taru a ƙafa ta kumbura. Girgizar da ke shiga ta hannu shekara da shekaru ita ma tana tsuke ƙananan jijiyoyin yatsu, yatsa ya yi fari ya mutu lokacin hunturu. Masu injin fasa dutse sun fi kowa sanin wannan.

Tarayyar Turai ta sa wa girgizar wurin aiki iyaka tun 2002. Mu nan sai dabara. Kullum ina roƙonsa: "Yaya, don Allah a gyara kujerar nan, ka riƙa sauka kana taka ƙasa, in ka isa Garwa kuma a auna maka hawan jini."