Na je Shenzhen neman inji, na dawo da tayoyi

Yau kwana huɗu da dawowata Kano, har yanzu jakata tana ƙanshin man silikon na shokazoba. Tafiyar kasuwanci ce irin wadda na saba, sikirin na waya da batura na je ɗauko wa shagonmu na Farm Centre, na yi kwana shida a Guangzhou. Amma tun daga gida na ware kwana ɗaya domin motata ta rimot, Tamiya TT-02, wadda muke tsere da ita ni da abokaina uku a wani filin siminti duk Lahadi bayan La'asar. Sau biyu injinta yana ƙonewa a bazarar bana, na ƙudura sai na sayo wanda ya fi kowa ƙarfi.

Jirgin ƙasa mai gudu ya ɗauke ni daga tashar kudancin Guangzhou zuwa Shenzhen cikin kusan rabin awa, kuɗinsa yuan 70 da 'yan kai. Da a ce Kano zuwa Zariya haka take, da mutum ya yi sallar Azahar a Kwari ya yi La'asar a Tudun Wada ba tare da ya gaji ba. A Huaqiangbei, inda benaye suke cike da kayan lantarki tun daga ƙasa har sama, na tarar da wata matashiya mai rumfar kayan motocin rimot. Na nuna mata hoton injin da nake so a waya, mai lamba 10.5T, wato yawan naɗin wayar da ke cikin injin. Ta buga 320 a kalkuleta, na buga 200, ta dube ni kamar na zagi iyayenta, muka tsaya a 250. Ciniki dai ciniki ne ko'ina, sai dai su ba gaisuwa, ba tambayar iyali, ba "Allah ya sa albarka". Ita ce ta rubuta mini adireshin wani filin tsere, ta ce in gwada injin kafin in bar gari.

Filin yana hawa na huɗu a wani tsohon ginin masana'anta. Baƙin kafet ne shimfiɗe, an zana masa kwanoni da fararen robobi, ga tebura a jere kowa da fitilarsa da kayan aikinsa kamar masu gyaran agogo. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawancinsu dattawa ne, masu furfura. Mu a gida an ɗauke mu manya masu wasan yara, a nan kuwa mutum ne da jikokinsa yake auna tsayin mota da ƙaramin ma'auni, fuskarsa ba wasa.

Wani dattijo da kowa ke kira Shifu, wato malamin sana'a, ya miƙo hannu ya karɓi motata. Ta waya muke magana, ya faɗa da Sinanci ta juya mini. Na fito da sabon injin ina murna, ya karanta lambar, ya mayar da shi cikin kwalinsa ya ture gefe. Ya ce su a nan ajin 17.5T suka fi yi, kuma duk lokacin da lambar ta yi ƙasa injin ya fi gudu, ya fi zafi, ya fi shan batir. Ya tambaye ni zafin garinmu. Da na ce a watan Afrilu yana haura digiri 40, sai ya ɗaga kai ya dube ni da kyau.

Daga nan ya kwance murfin giya ya ƙirga haƙora. Motar daga kamfani tana zuwa da babbar giya mai haƙori 70 da ƙarama mai 22, ni kuwa na sa ƙaramar mai 29 don in ƙara gudu. Ya rubuta mini lissafin a bayan kwali: a raba babba da ƙarama, a ninka da 2.6. Nawa ya ba da 6.3, na kamfani 8.3. Ya ce ga abin da ke cinye mini inji, na ɗora wa jaki kayan raƙumi a tsakar rana. Dokarsa ɗaya ce, a yi gudun minti biyar, tsawon tserensu ke nan, a auna injin, in ya wuce digiri 70 a sa ƙaramar giya mai ƙarancin haƙora.

Inda ya fi daɗewa shi ne tayoyi. Ya jera mini guda huɗu masu lamba 28, 32, 36 da 40, ya sa na danna kowacce da farce. Ƙaramar lamba taushi gare ta, ta ƙasa mai sanyi ce. A simintinmu mai zafi za ta narke ta yi santsi kafin zagaye goma. Ya ce 40 ce tamu. Ya buɗe shokazoba ɗaya, man ciki ya tsiyaye kamar ruwa, ya zuba mai kauri, mai lamba 500, saboda zafi yana tsinka mai. Ya karkata tayoyin zuwa ciki da digiri ɗaya da rabi, ya ɗaga motar zuwa milimita 7 tunda filinmu ba sumul yake ba, su a kafet 5 suke sawa. Da na nuna sha'awar irin motarsa mai bel, ya girgiza kai. Ya ce ƙaramin tsakuwa ɗaya ya isa ya tsinka bel, tawa mai farfela da rufaffiyar giya ita ta dace da ƙura. Ban ma ba shi labarin hunturunmu ba.

Na hau dandamalin tuƙi da tsohon injina. Wallahi motar da na sani tana wulwula gindi a kowace kwana sai ga ta tana bin layi kamar an ɗora ta a dogo. Na yi zagaye ashirin ban taɓa roba ba.

Awa uku ya yi a kan motata, na ciro kuɗi ya ɓata rai. Ya ƙara mini da boris guda takwas da rabin kwalbar man, sannan da ya gane Musulmi ne ni, ya raka ni da ƙafa har shagon taliyar mutanen Lanzhou, masu halal, ya biya. Irin wannan karamcin na ɗauka sai a ƙauyukanmu.

A filin jirgi wani jami'i ya zazzage mini jaka a gaban jama'a saboda baturan motar, yana ɗaga murya. Na nuna masa rubutun jikinsu, 37Wh, wato ma'aunin wutar da batir yake ɗauka, ƙasa da iyakar 100 da aka yarda a shiga da shi a jakar hannu. Ya tura mini kayan gefe ba ko kallo, na tattara da kaina.

Mun yada zango a Adis Ababa, muka sauka Kano da rana. Injin 10.5T yana cikin kwalinsa a shago, tayoyin 40 kuwa na riga na ɗaura su, Lahadi nake jira.