Ƙugin wufa a gida: inda aikin ya kai

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyon gyaran kayan wuta. Aikin da ke kan teburina a wannan karon wufa ce ta hom tiyata, irin mai babban akwati ɗaya da ƙananan sufiku biyu, wadda amfilifayarta ke cikin akwatin. Ta Baffana ce da ke Tudun Wada, kuma ƙorafinsa shi ne da zarar an kunna ta sai ta kama ƙugi mai kauri, ko an sa wani abu ko ba a sa ba, har ba a iya sauraron tafsiri a falo cikin natsuwa. An riga an ce masa IC, wato ƙaramin guntun da ke ƙara ƙarfin sauti a cikin amfilifaya, ce ta mutu, sai na roƙe shi ya bar ni in duba kafin a kashe ko sisi, domin a irin wannan matsala kunne da mita suna gano abin da sayen kaya barkatai ba ya ganowa.

Na fara da raba ƙugin da ke shigowa daga waje da wanda ke tasowa daga ciki. Na zare wayar sauti mai kai ja da fari, na cire filashi, na mayar da maɓallin ƙara ƙasa gaba ɗaya, amma ƙugin bai ragu ba. Na murɗa maɓallin sama, shi ma bai ƙaru ba. Wannan kaɗai ya nuna cewa matsalar tana bayan maɓallin ƙara, wato ko dai a sashen da ke ba da wuta ko a amfilifaya ta ƙarshe. Daga nan na kashe, na buɗe yatsuna a kan takardar sufikar na danna a hankali, ta shiga ta fito sumul babu gogayya. Mita ta nuna ohm 3 da ɗoriya, abin da ake sa ran gani a sufika mai ohm 4, kuma da na taɓa mata batirin rediyo na volt 1.5 ta yi tsalle da ƙara mai tsabta. Taransifomar ma na kasa kunne kusa da ita bayan na cire wayar sufika, ban ji tana karkarwa ba, ko da yake na ɗan ƙara ɗaure kusoshinta.

Wurin da nake so mu tsaya sosai shi ne muryar ƙugin kanta. Wutar gidajenmu a Najeriya volt 230 ce, tana juyawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Ƙugin da ke shigowa ta wayar sauti, ko ta bambancin wayar ƙasa tsakanin na'urori biyu, yawanci yana bin wannan 50 ɗin ne, mai zurfi ƙwarai, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Amma idan wuta ta fito daga taransifoma ta ratsa dayod huɗu masu daidaita ta, wato 'yan kayan da ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai, tana zama tudu 100 a daƙiƙa, kuma manyan kafasito biyu ne ke cike kwarin da ke tsakanin tuddan. Aikinsu kamar na randa ne a gidan da famfo ke zuwa yana yankewa: muddin randar na riƙe ruwa, mai ɗiba ba ya sanin an yanke. Idan kafasito ya bushe, kowane yankewa yana isa ga sufika, sai a ji ƙugi mai 100, wanda ya fi na farko kaifi da tsauri. Na sa manhajar da ke fitar da sauti a wayata, na saurari 50 da 100 ta abin kunne, saboda ƙaramar sufikar waya ba ta iya fitar da sauti mai zurfi haka, kuma na wufar ya yi daidai da 100. Ku yi wannan gwaji da wutar gari. Ƙaramin janareto sai injinsa ya yi juyi 3,000 a minti kafin ya ba da 50 daidai, kuma duk lokacin da aka ƙara masa nauyi muryar ƙugin tana hawa tana sauka, abin da zai iya ruɗa mai koyo.

Kafin a sa hannu a ciki, dole a zare fulogi daga soket, kashe maɓalli kawai bai isa ba. Kafasito yana riƙe wuta bayan an kashe, don haka na ɗora rasista mai ohm 1,000 a ƙafafunsa na kusan rabin minti, na kuma tabbatar da mita cewa ya sauke. Ba na yarda a haɗa ƙafafun da sukudireba, domin tartsatsin yana cin layin allo. A wannan wufar haɗarin kaɗan ne, tun da taransifomarta 12-0-12 ce, wato mai ɓangare biyu na volt 12 kowanne, wadda ke ba da kimanin volt 16 a kowane ɓangare, amma sababbin da ba su da babbar taransifoma suna da kafasito mai riƙe sama da volt 300, kuma wannan yana iya kisa.

Da na buɗe bayan akwatin, ƙurar hunturu ta yi dabe a kan ƙarfen sanyaya IC har ba a ganin tsagoginsa. Kafasito biyu ne masu 4700µF, wato awon yawan wutar da suke iya riƙewa, volt 25, an rubuta 85°C a jikinsu, iyakar zafin da aka yi su domin su jure. Wanda ke jingine da ƙarfen sanyayawar kansa ya kumbura, tsagin da ke samansa ya fara buɗewa, kuma wani ɓawo mai ruwan ƙasa ya bushe a gindin ƙafarsa. A lura, akwai gam da kamfani ke zubawa a gindin manyan kayan don kada su girgiza, wanda shi ma yakan yi duhu idan ya tsufa, kada a ɗauke shi a matsayin yoyo. Na biyun lafiya lau a ido, sai dai mita ta nuna ya yi ƙasa sosai da abin da aka rubuta masa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ruwa ne a cikin irin wannan kafasito, zafi ke busar da shi, kuma ƙa'idar da masu ƙera shi ke bayarwa ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanansa. Idan aka haɗa zafin bazarar Zariya, da rufaffen akwati da aka manna da bango, da ƙura mai hana iska ratsawa, ba abin mamaki ba ne ya gaji kafin lokacinsa. Na gwada dayod ɗin huɗu ma, kowanne ya nuna kusan volt 0.6 ta fuska ɗaya ya toshe ta ɗayar. Wannan gwajin yana da muhimmanci, domin idan dayod ɗaya ya yanke, ƙugin yakan koma 50 ko da matsalar a ciki take.

A Sabon Gari na sayo biyu masu 4700µF, volt 35, 105°C. Ƙarin volt ba ya cutarwa, ragi ne ke fasa kafasito. Na tafi da mitata na auna su a gaban mai shago, na kuma jinjina nauyinsu a tafin hannu, saboda akwai jabu da ake saka ƙaramin kafasito a cikin babban gwangwani. Wajen dasawa a kula da farin layin da ke nuna ƙafar ragi, wato mai alamar (−). A wuta mai ɓangare biyu, kafasiton ɓangaren ragi ƙafarsa ta ƙari, mai alamar (+), ce ke zuwa layin ƙasa na allon, kuma wanda ya juya shi zai ji fashewa. Na ɗauki hoton allon kafin in cire tsofaffin, na share ƙurar da burushi, na kuma sabunta dalmar soket ɗin wayar sauti da na ga ta yi zobe a kewayen ƙafa.

Kunnawar farko na yi ta ne ta cikin ƙwan fitila mai zare na wat 60 da na jera a layin wutar, sufika kuma a cire. Ƙwan ya haska sau ɗaya ya dushe, alamar cewa kafasito sun cika kuma babu abin da ke jan wuta fiye da kima. Irin wannan ƙwan ya yi wuya a kasuwa yanzu, kuma na LED ba ya yin wannan aiki, don haka duk wanda ya samu ya adana. Na auna bakin da ke zuwa sufika a ma'aunin DC, wato na wutar da ba ta juyawa, na ga bai kai kashi ɗaya cikin goma na volt ba, sannan na jona ta. Ƙugin ya tafi, kuma IC ɗin nan, samfurin TDA2030A, da aka yanke wa hukunci suna nan suna aiki, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Aikin bai ƙare ba tukuna. Da na mayar da ita gidan Baffa muka jona ta da talabijin da dikoda, wani siririn ƙugi mai zurfi ya bayyana, wanda ke ƙaruwa idan an murɗa maɓallin ƙara, ya kuma ɓace idan an kwance wayar da ta sauko daga tauraron kan rufi. Wannan na 50 ne, daga waje yake. Wani maƙwabci ya ba da shawarar a karya ƙafar fulogi ta uku, na ce wa Baffa kada ya yarda, domin wannan ƙafar ce ke kare mutum idan wuta ta zubo a jikin ƙarfe. Abin da zan yi shi ne in mayar da na'urorin uku kan soket ɗaya, in sa gajeriyar wayar sauti mai kyakkyawar garkuwa nesa da wayoyin wuta, idan kuma bai bari ba in sa 'yar taransifomar raba sauti a tsakanin dikoda da wufa. Zan kuma nemi mai aikin wayarin ya duba ko wayar ƙasa ta gidan tana haɗe da sandarta, sannan in kawo muku sakamakon da awon da na samu.