Gilashin gaban kyamarar Baba

Kyamarar mahaifina Zenit-E ce, ƙirar Tarayyar Sobiyet, idonta kuma, wato jerin gilasan da ke gabanta, Helios-44-2 mai milimita 58. Da ita ya ɗauki hotunan sunan kowannenmu a nan Garwa. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Inna, damshin damina na gaɓar Binuwai yana ta shigarta. Ranar da na haska idon da tocila, sai ga fumfuna ta yi saƙa a bayan gilashin gaba, fari-fari kamar yanar gizo-gizo. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Cirewar ba ta ba ni wuya ba. Zobe ne mai ƙananan tsagogi biyu yake riƙe da gilashin. Wani dattijo mai gyaran agogo a babbar kasuwa, abokin Baba, ya ara min ƙarfe mai baki biyu da ya zauna daram a tsagogin. Na kwance zoben, na kife idon a tafin hannuna bisa ƙyalle mai laushi, gilashin ya faɗo. Na goge shi da auduga da ruwan oksijene na kantin magani, ya fito tas.

Wurin mayarwa ne na sha wuya. Ban yi masa alama ba kafin in cire, na mayar da shi a juye. Da na ɗaura idon a kyamarata ta zamani da zoben M42 mai haɗa tsohon ido da sabuwar kyamara, na saita hasumiyar babban masallaci, tsakiyar hoton ce kawai ta ɗan fito, gefe duk ya narke yana juyawa kamar an dama fura. Daga baya na ga wasu Turawa da gangan suke juya shi don wannan kwalliyar. Ni abin da Baba ya gani nake so in gani.

Na koma wurin dattijon. Ya riƙe gilashin da gefen yatsu, ya karkata shi ga haske, ya ce, "Ɗana, duba da kyau. Gefen da ya yi tudu shi ke kallon duniya, mai ɗan kwarin shi ke kallon ciki." Cikin idon nan gilasai 6 ne a rukuni 4, tsarin da aka ɗauko daga idon kyamara mai suna Biotar na kamfanin Carl Zeiss na Jamus, kuma na gaban shi ne farkon mai tanƙwara haske. In ya karkace, sauran biyar ba su iya gyara masa.

A gabansa na sake aikin. Muka rufe tagar shagon saboda ƙurar hunturu, na hure mazaunin da famfon roba, na sauke gilashin a hankali har ya kwanta ba tangaɗi. Da na ɗauki zoben sai ya riƙe min hannu: in fara murɗawa baya-baya tukuna, sai na ji ɗan "ƙas", alamar zaren murɗin zoben ya hau, sannan in yi gaba. Zaren siriri ne, ƙarfen alminiyam ne, in ya ci juna shi ke nan. Kuma kada in matse da ƙarfi, bakin gilashin yana iya ɓantarewa. Na girgiza idon kusa da kunnena, shiru.

Hoton farko na Inna ne, zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Har zaren bakin mayafinta ya fito.