Kafin ka sayi babbar waya, gwada babban yatsanka

Idan ka shiga shagunan waya a PZ da ke Zariya, abin da mai shago zai fara faɗa maka shi ne inci nawa fuskar wayar take: 6.1, 6.6, 6.8. Wannan awon daga kusurwa zuwa kusurwa ake yin sa, kuma yawancin ƙarin a tsayi yake tafiya. Mai rubutu kuwa faɗi ne ya dame shi. Fuska mai inci 6.1 faɗinta kusan milimita 65 ne, mai inci 6.6 irin ta yawancin Tecno da Infinix kusan 69. Layin sama na kibod haruffa goma ne, don haka kowane harafi bai kai milimita 7 ba a dukkansu. Ka ga ke nan babbar waya ba ta ba ka manyan haruffa ba, nisa da nauyi kawai ta ƙara maka.

A hannu ɗaya ake ganin illar. Mai riƙe waya da dama, babban yatsansa yana isa tsakiya cikin sauƙi, amma "q" da "a" sai ya miƙa, "p" kuma sai ya lanƙwashe. Yana miƙawa, tudun tafin hannunsa ya taɓa gefen fuskar, wayar ta rubuta abin da ba a sa ta ba. Sannan ƙaramin yatsa, wanda ake tokare gindin wayar da shi, yana tallafe da nauyin wayar mai kusan giram 200. Idan aka sa wa wayar riga mai kauri, faɗin ya ƙaru. Ciwon da wasu ke ji a gindin babban yatsa zuwa wuyan hannu bayan doguwar hira a WhatsApp, daga wannan miƙe-miƙen yakan samo asali.

Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin aiki: ɓ, ɗ da ƙ galibi sai an danne b, d ko k an ɗan jira. Dannewa da yatsan da ya riga ya miƙe, a cikin Keke Napep daga Samaru zuwa Kwangila, ai sai "ƙasa" ta koma "kasa".

Gyaran ba wuya. Saƙon da ya wuce layi biyu, kama wayar da hannu biyu ka rubuta da manyan yatsu biyu, kowanne da rabinsa. Ya fi sauri, ya fi tsabta. Idan ɗaya hannun na riƙe da kaya, buɗe tsarin hannu ɗaya na Gboard, wato manhajar kibod ta Google, zai matse kibod zuwa gefen da kake so. A saitin Gboard akwai wurin rage lokacin jira idan an danne harafi, wanda ke kan milisakan 300; sauke shi zuwa 200. Gyaran kuskure kuma, ja yatsa a kan dogon maɓallin tazara don kai alamar rubutu inda kuskuren yake, maimakon farautar tsakanin haruffa.

Da hunturu fatar yatsa kan bushe har fuskar ta riƙa ƙin amsawa, a shafa basilin kuma wayar ta riƙa santsi. Shafa kaɗan, goge kan yatsun.

A shago, riƙe wayar yadda ka saba, ka rubuta "assalamu alaikum" da hannu ɗaya. Idan sai ka gyara riƙo kafin ka kai "a", ta yi wa hannunka faɗi.