Lambar da jikina bai taɓa faɗa mini ba

Ranar da aka fara gaya mini jinina ya hau, ba don kaina na je asibiti ba. Baba na kai, wata biyar bayan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ma'aikaciyar jinya ta gama auna shi, sai ta dube ni ta ce, "Malam, kai fa, yaushe rabonka da awo?" Na ce lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi. Ta ce in dai miƙo hannu. Ta ɗaura mini madaurin na'urar a damtse, ya yi ta matsewa har na ji jijiya na bugawa a ƙarƙashinsa, sannan ya saki a hankali. Allon ya nuna 158/98. Bayan minti biyar ta sake, bai sauka can ba. Shekarata 43 a lokacin.

Zuciyata ba ta yarda ba. A sanina hawan jini ciwon masu yawan tunani ne da masu ƙiba, kuma in ya zo sai an ji jiri da nauyin ƙeya. Da na koma bayan mako guda aka sake samun 152/96, sai likita ya zaunar da ni. Ya ce lambar sama ita ce ƙarfin da jini ke danna bangon jijiya idan zuciya ta matse ta turo shi, ta ƙasa kuwa ƙarfin da ya rage idan ta saki kafin bugu na gaba. Idan an auna a ranaku biyu daban aka sami 140/90 ko fiye, hawan jini ne, ko mutum yana jin komai ko ba ya ji. Na tambaye shi me ya sa jiki ba ya kokawa. Ya ce ɓarnar a hankali take tafiya, shekara da shekaru bangon jijiyoyi na kauri yana taurara, zuciya na ƙara wahala wajen turawa, ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido suna lalacewa shiru. Sau da yawa alamar farko ita ce faɗuwar. Sai na tuna Baba, wanda kafin ya faɗi bai taɓa cewa ko yatsansa na ciwo ba.

Daga baya na ga rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023, wanda ya ce baligi ɗaya cikin uku a duniya na da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Na daɗe ina cikin wannan rabin.

Na sayi na'ura irin ta damtse da ƙaramin littafi. Makon farko lambobin sun ruɗa ni, yau sama gobe ƙasa, ashe ni ne ban iya awon ba. Nakan shigo daga waje da gumi in ɗaura, ina magana da yara, ƙafa ɗaya bisa ɗaya. Ma'aikaciyar nan ce ta gyara mini: a fara yin fitsari, a zauna shiru minti biyar, baya a jingine, tafin ƙafa biyu a ƙasa, hannu a ɗore kan tebur daidai da ƙirji, ba magana. Rabin sa'a kafin nan ba kofi, ba taba, ba motsa jiki. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da dare, a rubuta duka, har wanda bai yi wa mutum daɗi ba. Ta ƙara da cewa a gida iyakar 135/85 ce, domin jinin mutane da yawa kan ɗan ƙara hawa a gaban likita saboda fargaba.

Gishiri ne ya fi ba ni wuya. Hukumar ta ce kada baligi ya kai giram 5 a rana, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin abincin gwangwani da kayan ɗanɗano na kamfani. Sinadarin sodiyam da ke cikinsa yana sa jiki ya riƙe ruwa, ruwan ya ƙara yawan jinin da ke bin jijiyoyi. Maiɗakina ta rage hannu a girki kaɗan-kaɗan. Makonnin farko komai salam nake ji, amma harshe yana sabawa. Yanzu idan na ci abincin waje gishirin ne ke fara dukan bakina. Tafiya kuwa ba ta dame ni ba, minti talatin da ɗan sauri, kwana biyar a mako, ya cika minti 150 ɗin da ake so.

Bayan wata uku lambar ta sauka, amma ba ta kai inda ake so ba. Likita ya ce akwai gado a ciki, ya sa ni kan ƙwaya ɗaya kullum, amlodifin. Cikin wata biyu littafina ya cika da 128/82, 126/80. A nan na yi kuskuren da har yau nake nadamarsa. Idon sawuna ya fara kumbura da yamma, har safa na barin zane a fata, ga lamba ta yi kyau, sai na ce ai na warke. Na ajiye maganin ban gaya wa kowa ba, na kuma daina awo, domin a can cikin raina ba na son ganin abin da zai fito. Mako shida ina jin kaina garau. Maiɗakina ce ta ga kwalin bai ragu ba, ta ɗauko na'urar ta ajiye a gabana, ba ta ce uffan ba. Na auna, 164/100.

Likita bai yi mini faɗa ba. Ya ce maganin riƙe jinin yake yi, ba ya cire ciwon, kyakkyawar lambar nan aikinsa ce. Kumburin kuma sananne ne ga wannan ƙwayar, da na zo na faɗa da tuni an rage ta ko an canza. Hakan aka yi, kumburin ya tafi. Ya kuma rubuta mini a bangon littafin cewa idan awo ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, ko karkacewar baki, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, kada a jira gari ya waye.

Baba ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Shekara uku ya yi sai an ɗaga shi an kwantar. Da ƙannena suka zo gida bayan nan, na fito da na'urar na ce kowa ya zauna. Ƙaramin cikinsu ya ce, "Yaya, ni fa lafiyata ƙalau." Na ce ya jingina bayansa, ya sauke ƙafa, ya yi shiru minti biyar. Nasa ya nuna 146/92. Na rubuta masa a takarda da kwanan wata, muka tsayar da ranar da zan raka shi a sake aunawa.