Akwati cike da hotuna, ba suna ba kwanan wata

Ranar Asabar da ta wuce na bi ɗan ƙanena wani lambu a bakin dam ɗin Gubi, wai zai nuna mini yadda ake ɗaukar hoton tsuntsaye da waya a zamanin nan. Muna cikin zagayawa ya hango sheƙar kurciya a cikin wata magarya, da ƙwai biyu a ciki. Kafin in buɗe baki har ya kama reshen da ya lulluɓe sheƙar zai karya. Na ce, "Kai, me za ka yi?" Ya ce, "Baffa, ganyen ne ya tare min haske." Na daka masa tsawar da sai da mai lambu ya ɗago daga cikin fangalin albasarsa. Yaron ya saki reshen, bai sake ce mini uffan ba har muka dawo gari. Ya ɗauka mugunta ce irin ta tsofaffi, alhali ni na san abin da hannuna ya aikata a wannan harka, kuma ya fi karya reshe nesa ba kusa ba.

Ni asalina mai hoton biki da suna ne, da ɗan shagona a cikin garin Bauchi. Daji ya shigo cikin sana'ata ne bayan 1991, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta karɓi Yankari ta mai da shi gandun ƙasa. Baƙi suka yawaita, ni kuma na lura duk wanda ya yi wanka a ruwan ɗumin Wikki yana son ya koma gida da shaida. Sai na riƙa bin motar Alkaleri, mu ratse a Dindima, mu shiga ta ƙofar Mainamaji, ina rataye da tsohuwar kyamarata ƙirar Yashica. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, wankin mai kala kuma sai an kai Jos, ba ka sanin abin da ka samo sai ya dawo. Daga hoton mutane na gangara hoton dabbobi, domin masu buga kalanda suna saye.

Ina faɗin tsadar fim ne don a gane halin da nake ciki. Wanda kowane latsawa kuɗin cefanen gidansa ne ba ya iya zaman jiran tsuntsu ya ga dama. Dole hoton ya fito a karon farko, ko ta halin ƙaƙa. Da wannan na riƙa lallashin kaina, kuma har gobe ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

Amma tsadar fim ba ta wanke ni daga abin da na yi wa cilakowa ba. A wata gona ce a wajen gandun, cikin kogon wata tsohuwar bishiya. Na ga namijin yana ta kai da kawo da fara a baki, yana zura ta cikin wata 'yar tsaga da aka liƙe da laka. Na hau, na sa wuƙa na farfasa lakar don in ga abin da ke ciki. Macen ce a kwance kan 'ya'yanta, duk a fige, tana ta saran iska da baki. Na ɗauki hotuna uku ko huɗu na sauko ina murna. Da yamma na ba wani tsohon maharbi labari, mutumin da nake kwana a zaurensa idan dare ya yi mini. Ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce, "Malam mai hoto, ka kashe su ke nan." Shi ya bayyana mini cewa macen cilakowa da kanta take toshe ƙofar idan za ta yi kwanci, ta zubar da gashin fiffikenta a ciki, ba ta iya tashi sai sabo ya tsiro, mijin ne ke ciyar da ita ta wannan tsaga. Lakar ita ce katangarta daga maciji da biri da shaho. Na ce masa ai ban sani ba. Ya ce, "Ka tambaya?" Hotunan ma da suka dawo daga Jos duhu ne kawai da wani abu mai kama da baki.

Na ungulu ya fi ci mini rai, ko da yake a nan ina da abin faɗa. A lokacin ungulu ba abin kallo ba ce, kowace mayanka cike take da su, har korar su ake yi. Na samu sheƙarta a ƙwanƙolin wata kuka, na yi sa'ar hoto mai kyau, uwa da ɗanta guda, don ƙwai ɗaya tak take sakawa. Na wanke shi babba na rataya a shago. Wani mutum da ya zo hoton fasfo ya tsaya yana yabawa, ya tambaye ni inda na ɗauka, ni kuma da alfahari na kwatanta masa tiryan-tiryan, har da kwanar da ake bi. Da na koma wajen, an kafa turaku a jikin kukar an hau, sheƙa babu komai. Shi ne ya je? Allah ne masani, wataƙila wani ne daban ya riga shi. Wa zai ce a wancan zamani ungulu za ta zama kayan kasuwar masu tsibbu har a riƙa neman kanta da ƙwanta da kuɗi masu kauri? A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya irin ungulun garuruwanmu cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Je ka mayanka yau ka ƙirga mini guda nawa za ka gani. Ban ce ni na ƙarar da su ba, amma dai bakina ya kai mutum har gindin bishiya.

Duk wannan ɓarna ce da za a iya nunawa da yatsa. Asarar da ta fi girma ita ce tsohon nan da na yi shekaru ina bin bayansa ban rubuta ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. Idan rani ya tsananta dabbobi suka taru a kogin Gaji, daga nesa yake rarrabe su. Gwanki da zanen baƙi da fari a fuska, dogayen kunnuwa, ƙahoni sun lanƙwasa baya. Kanki mai doguwar fuska da gadon baya a gangare. Gwambaza mai gashi buzu-buzu, ba ya nisa da ruwa. Mazo ja mai ɗigo da ratsin fari, namijin ne kaɗai ke da ƙaho. Yana faɗa ina cewa "to, Baba," idona na cikin kyamara. Da na dawo gari kuwa, duk abin da ke da ƙaho da siraran ƙafafu sai in rubuta masa "barewa" a baya. Akwai kalandar da ta fita da hoton mazo an rubuta barewa a ƙasa, daga hannuna, ta shekara a rataye a ofisoshi da ɗakunan amare. Itatuwa ma haka: marke, kawo, maje, kirya, madobiya, ya nuna mini ɓawon kowanne da amfaninsa da lokacin da yake fure. Shi ya fara ce mini in lura da gawo, yana zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore, ya yi ganye da rani. Abin da na riƙe bai kai ɗaya bisa goma ba. Wani likitan Turawa mai suna Dalziel ya zauna da irin waɗannan tsofaffi ya tattara sunayen tsirrai da Hausa, aka buga a 1916. Baƙo ya ga abin rubutawa, ni ɗan gida ina ta neman haske.

Yanzu akwati ne da ni cike da hotuna, babu rana, babu wuri, babu sunan kirki. Wani ɗalibin jami'a ya taɓa zuwa yana neman tsofaffin hotunan gauraka don ya san inda ake samun ta a da. Na fito masa da su, ya tambaye ni wace fadama ce, wace shekara. Na yi ta kame-kame. Ya yi godiya ya tafi hannu rabbana.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari goma sha, amma da na auna, yawancinsu surutu ne.

Kada ka taɓa sheƙa. Kada ka karya reshe, kada ka ɗaga ɗan tsuntsu don ya fito sosai, kada ka jefi bishiya don abin da ke kai ya tashi. In hoton bai samu ba, ya tafi. Ku da ba ku sayen fim, ba ku da ko uzurin da na fake da shi. Wayarka tana ɗaukar dubu ka goge dubu, amma zaman rabin awa a gindin bishiya ya gagare ku, sai latse-latse da leƙa wa ya yaba. Na ga wani a Wikki yana miƙa wa gwaggon biri biskit don ya yi hoto da shi kafaɗa da kafaɗa. Ya ga haƙoran babban namiji kuwa? Birin da aka saba wa abincin hannu shi ne gobe yake fizge jakar wata baiwar Allah.

Rubuta wuri da rana da abin da ka gani yana yi, a ranar, kafin ka kwanta. Shamuwar da ka ɗauka ba wani abu ba ce, amma in an san ranar da ta sauka garinku kowace shekara gabanin damina, wannan ilimi ne. Akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara a 2015, masu sa kai suna zagaya ƙasa suna rubuta abin da suka gani a kowane yanki, kuma da irin wannan ɗan bayani suke aiki. Sai dai kuma kada ka faɗi wurin. Na san yanzu na ce a rubuta. Rubuta a littafinka, ka ba masu bincike, amma sheƙar ungulu ko ta mujiya, ko inda giwaye suka kwana, ba abin sakawa a Facebook ba ne da kwatance. Manhajar iNaturalist, wadda ake saka hotunan dabbobi da tsirrai a cikinta, ma tana da hanyar ɓoye ainihin wurin, ku yi amfani da ita.

Manhajojin nan na gane suna, Merlin da PlantNet da Google Lens, ban yarda da su ba. Yaro zai haska ganye, waya ta ba shi wani dogon sunan Latin, ya kwafa ya watsa yana jin ya zama masani, alhali bai iya bambance tafasa da rai ɗore ba. Tafasa ganyenta mai zagayayyen baki ne, biyu-biyu sau uku, ita ake kwaɗantawa. Rai ɗore ganyensa mai tsini ne, in ka murza yana da wari. Kakarka da ido rufe za ta raba su, kuma waya ba ta jin wari. Kada ka kuskura ka ci ko ka jiƙa wani abu don waya ta ce shi ne. To amma in faɗi gaskiya, da ina da irin wannan manhaja a 1995, da kalandar nan ba ta fita da kuskure ba, kuma da kowane hotona yana ɗauke da ranarsa. Ku yi aiki da ita, amma ku ba ta abin kirki: ganye ciki da bai, ɓawo, fure ko 'ya'ya, da bishiyar gaba ɗayanta. Idan ba ka tabbata ba ka rubuta "ban tabbata ba", babu wanda zai kama ka. Haka in ka je Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa ka ɗauki raƙumin dawa da jakin dawa, ka faɗi cewa daga Namibiya aka kawo su a 2006. Jakin dawa bai taɓa zama dabbar dajinmu ba, raƙuman dawa na asalin yankin nan kuwa sai a Nijar, musamman wajen Kure kusa da Yamai, suka rage. Na gaji da ganin ana rubuta "dabbobin gargajiyar Bauchi" a ƙarƙashinsu.

Saura tsofaffi. Su ma suna kuskure, kuma suna yakan sauya daga gari zuwa gari, bishiya ɗaya wani ya ce dogon yaro, wani darbejiya, wani maina. Don haka tambayi biyu ko uku, maharbi da makiyayi da mai sayar da sassaƙe a kasuwa, ka rubuta wa ya faɗa kuma ɗan ina ne. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka cire abin kunnen nan, ka nemi izininsa ka naɗi muryarsa da wayar da kake taƙama da ita. Kuma ka ba shi na goro mai kauri, ba saura canji ba. Nawa tsohon ya ciyar da ni, ya shimfiɗa mini tabarma shekara da shekaru, abin da ya samu daga gare ni hotonsa ne guda ɗaya, shi ma rabin hularsa ya yanke.